Wanda Ke Tuƙa Koriyar Mota

Kwarin Buckeye, Tennessee
Oktoba, 1981

Zuwa ga 'yata Nola,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ba lallai ki tuna ni ba. Ni ce Zelma, matar marigayi Burl Tackett. Kakanki Asa da mahaifin Burl uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabona da ke tun kina 'yar mitsitsiya kina tsintar tuffa a bayan gidanmu. Uwarki ce ta ba ni adireshinki a coci.

Jikina da sauƙi, sai dai ciwon sukari ya sauka a idanuna. Na dama ya tafi, da na hagu nake rubutu, shi ya sa za ki ga layukan sun karkace.

Maganar ɗana Lonzo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san shirin nan na talabijin da ake yi kowace Juma'a, na saurayin da ke gudu da giyar masara a koriyar mota da karensa a gefe, 'yan sanda na binsa suna faɗawa cikin taɓo. Duk ƙasar nan ana kallonsa, amma ba wanda ya san daga barandarmu ya fito. Shekarun baya wani mai gemu ya zo da na'urar ɗaukar magana, ya zauna da Burl har masara ta nuna. Burl ya ba shi labarin yadda suke dafa giya a cikin kurmi shi da ƙanensa Coy, da yadda suke kai ta birni a ɓoye, da yadda Coy ya faɗa kogi da motarsa ma'aikatan haraji na biye da shi. Mai gemun ya yi fim da labarin a nan kwarin. Lonzo ne ya tuƙa duk motocin da ke ciki, kuma akwai wuri guda da aka nuna fuskarsa yana jingine da famfon mai yana magana. An nuna fim ɗin mako guda a silimar fili, ruwa ya yi ta zuba, daga nan ban sake jin wani ya ambace shi ba.

Bayan rasuwar Burl mutanen talabijin suka karɓi labarin, suka ɗauki Lonzo ya riƙa tuƙa musu mota a nan wajenku. Da farko yana rubutu duk wata. Yanzu kusan shekara biyu ke nan ban ga ko layi ba.

Uwarki ta ce a kamfanin tarho kike aiki, ke ce mai haɗa mutane da mutane. To ki haɗa ni da ɗana. Ga adireshinsa na ƙarshe na rubuta a baya. Abu na biyu, in da hali, ki nemo mini tsohon fim ɗin. Akwai majigi a coci. Ina so in ga fuskarsa tana motsi kafin idon hagu ya bi ɗan'uwansa.

Taki,
Goggo Zelma


Los Angeles
Nuwamba, 1981

Goggo Zelma,

Na gaishe ki da girmamawa. Na tuna ki sarai, da tuffar da kuma tsintsiyar da kika bi ni da ita. Allah ya sawwaƙe ciwon ido. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zaman kujera, kuma tun da muka rabu da mijina ni kaɗai nake zaune.

Goggo, garin nan ba kamar kwarinmu ba ne. Aikina in soka waya a rami in zare, ban san fuskar kowa ba. Duk da haka na je adireshin ranar hutuna. Wata mata ce mai gidan, ta yi mini magana ta bayan ƙofar raga. Ta ce, "Dogon nan mai maganar mutanen dutse? Ya fita aiki wata safiya bai dawo ba. Daga baya wani ya zo ya kwashe kayansa." Na ce wane ne? Ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce," ta rufe ƙofa.

Na kira kamfanin da ke yin shirin. Aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, har wata yarinya ta ce a halin yanzu babu mai wannan suna a cikin ma'aikatansu. Da na tambaye ta tsohon fim ɗin sai ta yi dariya. Wai babu wani fim, shirin daga kan maigidansu ya fito. Na shiga shagunan masu tara tsofaffin finafinai, ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Ban daina ba. Akwai wani gidan cin abinci da aka ce direbobin kasada na finafinai suna zama, zan leƙa. Ki yi haƙuri da ni.

'Yarki,
Nola


Kwarin Buckeye
Fabrairu, 1982

'Yata Nola,

Ina gaishe ki. Shiru ya yi yawa, Kirsimeti ta wuce ban ji daga gare ki ba. Ko bayan ne ya kwantar da ke? Mu ƙanƙara ta rufe mana hanya kusan duk watan jiya. Likita ya ce idon hagu ba zai kai kaka ba.

Maganar yarinyar nan ba ta dame ni ba. Dama ba sa rubuta sunan direbobi, sunan ɗan wasan nan mai fararen haƙora kawai suke sawa, shi da ko keken shanu ban yarda zai iya juyawa ba. Lonzo yana tare da su, da idona nake ganinsa. Duk Juma'a ina sauka gidan maƙwabciyata Ova, in ja kujera har gaban gilashin talabijin. A farkon shirin, kafin a fara komai, motar tana tsallake taragon gawayi. Gab da ta tashi, direban yana fito da hannu ta taga ya bubbugi rufin. Haka Burl yake yi, haka Lonzo ya koya. Tunda kowane mako yana nan yana tsalle, ai yana raye kuma yana da aiki. Fushi kawai yake yi da ni, ban san me na yi ba.

Sauran shirin ba na iya kallo. Akwai wani tsoho a ciki mai yagaggiyar hula da ke faɗawa cikin kwamin aladu. Burl ne suke nufi. Har tarinsa suka ɗauka, wanda ya samo a kurkuku, suka mayar abin dariya. Dewey, mijin Ova, yana dariya har da hawaye, sai ya tuna ina wurin ya ce, "Yi haƙuri Zelma, abin ne da ban dariya." In ce masa yi abinka.

Yanzu baƙi na zuwa da lambar mota ta jihohi masu nisa. Suna tsayawa a gadar da Coy ya mutu suna ɗaukar hoto suna ɗaga ƙafa. A shago ana sayar musu da ruwan rijiya a kwalba wai giyar dutse ce. Wani ya hau har barandata ya tambaye ni ko ina da kare.

Ki rubuto, ko babu labari.

Goggo Zelma


Los Angeles
Maris, 1982

Goggo, gaisuwa a gurguje, a kan kati nake rubutu a gidan waya. Na same shi! Wani tsohon makanike ne ya ajiye shi a bayan garejinsa duk tsawon lokacin nan. Ya sha jiki ƙwarai, amma zai yi. Zan sa shi a bas ranar Litinin, a je a tarye shi a tasha ranar Juma'a da rana. Cikakken bayani na tafe.

Nola


Kwarin Buckeye
Afrilu, 1982

Nola,

Ina fatan kina lafiya. Ni ga ni nan.

Bari in gaya miki abin da katinki ya yi. Na karanta shi a bakin akwatin wasiƙu, na zauna a ƙasa. Na share ɗakinsa, na shanya katifa. Na yanka jar kazata, na dafa wake da naman alade, na gasa burodin masara. Kika ce ya sha jiki, sai na ce ko rashin lafiya ce ta hana shi rubutu, na ari sanda wajen Dewey ko zai buƙata. Ova ta faɗa a coci. Ranar Juma'a mota uku muka yi zuwa tasha, har da Fasto.

Bas ta tsaya, mutane suka sauko. Ba na ganin fuska daga nesa, don haka duk dogon da ya sauko sai in matsa. Da suka ƙare direba ya ce, "Wace ce Misis Tackett? Sa hannu a nan." Na ce, "Ina yaron?" Ya ce, "Wane yaro, Mama? Kwali ne." Ya buɗe cikin motar ya jawo shi. Fim ɗin ne a ciki, muka ɗauka muka koma gida. Kazar kuwa, Ova na ba wa.

Ban ce kin yi da gangan ba. Ni na roƙi abu biyu. Amma da kin ƙara kalma ɗaya a katin.

Fasto bai so a nuna fim ɗin giya a zauren coci ba, amma bayan abin da ya gani a tasha bai iya hanawa ba. Aka rataya farin zanen gado, mutane suka cika wurin suna zaton irin na talabijin ne. Fim ɗin ya koɗe, komai ya koma ja kamar ruwan da aka wanke nama. Yara suka fara tambayar ina karen. Da aka zo wajen famfon mai na tashi na je har jikin zanen. Inuwa kawai na gani, doguwa. Amma na ji muryarsa. Ya ce, "Tayar baya ta yi laushi, ka duba kafin ka hau dutse." Shi ke nan abin da ya faɗa. Na roƙa a maimaita, Fasto ya ce fim ɗin zai tsinke.

A ƙarshe motar ta nutse a kogi ba ta fito ba, kamar yadda aka yi. Mutane suka yi ta jira ta fito. Wani a baya ya ce na Juma'a ya fi, suka tashi suna kwashe kujeru.

Cikakken bayanin da kika ce bai iso ba. Tsohon makaniken nan, ta yaya fim ɗin ya shiga hannunsa? Ki koma ki tambaye shi ko ya san ɗana.

Zelma


Los Angeles
Mayu, 1982

Goggo,

Ina gaishe ki, kuma ina neman gafara. Na karanta takardarki na rasa inda zan sa kaina. Murna ce ta rufe mini ido, ban sake duba abin da na rubuta ba.

Na koma wajen tsohon. Sunansa Renfro, shi yake gyara wa shirin motoci a da. Ya ce a juji ya tsinci gwangwanayen fim ɗin ranar da aka share ɗakin ajiya. A zuwana na farko na tambaye shi Lonzo ya ce bai sani ba. Wannan karon na karanta masa takardarki. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce in shiga motarsa.

Goggo, ki zauna kafin ki ci gaba. Lonzo yana raye. Yana wani gidan jinya a bakin hamada. Tsallen nan na taragon gawayi sau ɗaya aka yi shi, shekara biyu da rabi da suka wuce. Shi ake maimaitawa duk mako. Renfro ya ce an ƙara wa tudun da ake hawa a yi tsallen tsawo a safiyar don motar ta fi tashi, sai ta sauka a kan hancinta. Wuyan Lonzo ya karye. Sun yanke hoton tun tana sama. Renfro ne ya kwashe kayansa daga gidan haya, kuma Lonzo ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Na sami Lonzo a keken guragu kusa da taga. Daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ya rame, amma hankalinsa garau. Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar wa ce? Wannan hancin na Tackett ne."

Na ce, "Jikar Asa ce."

"Asa mai kunne ɗaya? Wanda tukunyar giya ta fashe masa?"

Na ce shi. Ya yi dariya har sai da aka share masa baki. Sannan ya ce, "Mama ta aiko ki."

Na gaya masa komai, da idonki, da tasha. Ya juya kai wajen taga, iyakar abin da yake iya juyawa ke nan. Ya ce, "Kada ki gaya mata. Tana ganina ina tashi sama kowace Juma'a. Ki bar ta da wannan."

Na ce, "Cewa take fushi kake yi da ita."

Ya ce, "Gara fushin."

Akwai talabijin a zaurensu. Ya ce ranar Juma'a yana roƙo a mayar da shi ɗaki kafin a fara, wani lokaci a tuna, wani lokaci a manta.

Na yi mako biyu da takardar nan a jaka. Na saɓa masa, domin ke kika aike ni, kuma ba zan sake barinki ki yanka kaza a banza ba.

'Yarki,
Nola


Kwarin Buckeye
Yuni, 1982

'Yata Nola,

Gaisuwa. Wannan rubutun Ova ne, ni nake faɗa. Idon hagu bai jira kaka ba.

Ita ta karanta mini takardarki. Da farko ta ce wai ya ji ciwo a ƙafa yana hutawa. Na ce, "Ova, takarda uku na ji a hannuna, kin gama kafin kofina ya huce. Ni na yi wa mijina wankan gawa. Koma farko." Ta koma tana kuka. Kin yi daidai da kika faɗa.

Yanzu ki je ki karanta masa wannan, kada ki tsallake komai.

Lonzo, uwarka ce. Wa ya gaya maka tsalle na haife ka ka yi? Na goge maka kashi kafin ka iya zama, zan sake yi, hannuna bai manta ba kuma ba ya buƙatar ido. Ka dawo gida. Na yi magana da mazan coci, sun ce za su ɗauko ka daga bakin hanya su kwantar da kai a kan ƙyaure su haura da kai matakala. Dewey zai cire gadon ɗakin sama ya sauko da shi kusa da murhu. Ina iya dafa abinci da lalube, na san inda komai yake. Za ka riƙa gaya mini abin da ke bakin hanya, ni in riƙa ba ka a baki. Ban yi fushi ba. Kai ma ka daina.

Nola, ki tambayi likitansa yadda ake tafiya da irinsu. Ina jira.

Goggo Zelma


Los Angeles
Agusta, 1982

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Ova. Na yi jinkiri domin ba ni da labari mai daɗi.

Na je. Tun daga ƙofa ya ga takardar a hannuna ya gane. Ya ce, "Abu guda na roƙe ki." Na ce na sani. Na zauna na karanta masa daga farko har ƙarshe. Hawaye na gangara masa cikin kunne, ya hana ni sharewa.

Da na gama ya ce, "Rubuta." Na fitar da alƙalami. Kafin in fara sai ya ce, "A'a, bari. Ki gaya mata da bakinki." Ga abin da ya ce, yadda na iya riƙewa. Mutum biyu ne ke ɗaga shi, kuma dole a riƙa juya shi dare da rana, in ba haka ba fatarsa ta ɓare ta ruɓe. Wani lokaci majina na toshe masa maƙogwaro, sai an sa inji an zuƙe. Ya ce, "Ranar da ƙanƙara ta rufe hanya fa? Mu biyu za a tarar. Mazan coci za su zo mako na farko da na biyu, na san su, ni ma ɗaya ne daga cikinsu." Likitan ma kusan abin da ya faɗa ke nan.

Na ce to ko gaisuwa ba za ka aika ba? Ya ce, "Ki ce mata ta daina zuwa gidan Ova ranar Juma'a." Ya kira ma'aikaciya ta tura shi ciki. Na koma sau biyu, ya ce barci yake ji.

Akwai kuma wani abu. An kawo injuna wajen aikinmu masu haɗa waya da kansu. An ce wadda ke son ci gaba da aiki ta koma garin Omaha kafin sanyi. Ba ni da kowa da zai riƙe ni, Goggo, dole in bi. Zan aiko da sabon adireshi da na sauka.

'Yarki,
Nola


Gidan Tsofaffi na Gunduma
Disamba, 1982

Nola,

Ina gaishe ki a duk inda kike. Sabon adireshin bai zo ba, don haka tsohon na sa aka rubuta, ko gidan waya za su bi ki da ita. Wata yarinya mai aiki a nan ce take rubuta mini.

Na faɗi a matakala a watan Oktoba, na fita ɗebo itace. Ƙuguna ya karye. Tun safe nake kwance a wurin har Dewey ya hau da yamma. Daga asibiti nan suka kawo ni, sun ce makauniya ba za ta koma dutse ita kaɗai ba. An buga katako a tagogin gidan. Fim ɗin yana ciki, a ƙarƙashin gadon da aka sauko da shi. Fasto ya tambaya me za a yi da shi, na ce a bar shi.

In kina da hanyar aika wa Lonzo saƙo, ki ce masa shi ne mai gaskiya. Na daɗe ina jin haushin maganarsa, yanzu na daina.

Ba na neman ki dawo, kin yi abin da ko 'yar cikina sai haka. Amma ki rubuta wa tsohon nan Renfro, ko wani da kika sani a garin, ya riƙa leƙa shi. Ko ya ce barci yake ji, a zauna. Ba sai an yi hira ba, ma'aikatan dai su ga an zo. Na koyi wani abu a nan da ban sani ba a da: wanda ake zuwa dubawa shi ake fara juyawa.

Taki,
Goggo Zelma